Ladan ma'aikatan rumfar zaɓe: dalilan ƙara shi

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu yi bayani bisa wata magana da ba a cika tsayawa a kanta ba in ana zancen zaɓe a Nijar, wato kuɗin da ake ba mutanen da ke riƙe rumfar zaɓe. Za mu ɗauki misalin zaɓuɓɓukan 2020 da 2021, waɗanda hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta shirya.

2. Yawan mutanen da ake bukata

A wancan lokaci masu zaɓe sun kai wajen miliyan 7 da dubu 400, rumfuna kuwa kusan dubu 26. Kowace rumfa tana da shugaba, da sakatare, da mataimaka 3. In muka yi lissafi, za mu samu mutum wajen dubu 130 a kowace ranar zaɓe. Ranakun kuma 3 ne cikin sati 10: 13 ga Disamba 2020 aka yi na ƙananan hukumomi da jihohi, 27 ga Disamba na ƴan majalisa da zagayen farko na shugaban ƙasa, sannan 21 ga Fabrairu 2021 zagaye na biyu. Duk wanda ya yi aikin farko bai dawo ba, sai an nemi wani, a koya masa daga tushe.

3. Nauyin aikin

A zaɓuɓɓukan 2020 da 2021, ma'aikacin rumfa yana isowa tun kafin a buɗe da safe. Shi zai duba katin mai zaɓe, ya nemo sunansa cikin jeri, ya sa masa tawwada a yatsa. In an rufe, a ƙirga ƙuri'u gaban wakilan jam'iyyu, sau da yawa da fitila, sannan a cika takardar sakamako da Faransanci. Mai zaɓe kuwa da Hausa yake tambaya, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek, ko Barbarci. Ke nan ma'aikacin tafinta ne, magatakarda ne kuma. Irin wannan mutum ba shi da yawa a karkara. Shi ya sa akan koma ga malaman makaranta da ɗalibai.

Akwai kuma haɗari. Ranar 21 ga Fabrairu 2021 ma'aikatan CENI 7 suka rasu cikin jihar Tilaberi, sa'ad da motarsu ta taka nakiya.

4. Abin da ƙarin lada yake gyarawa

Sunan da aka ba kuɗi yana nuna yadda aka ɗauki aikin. A Hausa, kuɗin goro alheri ne, ba a ƙorafi bisa kansa. Lada kuwa hakkin wanda ya yi aiki ne. A ganinmu, kuɗin ma'aikacin rumfa lada ne, kuma ƙara shi yana da amfani 3.

Na farko, samun ma'aikata. Wanda zai bar sana'arsa ranar horo da ranar zaɓe, ya biya kuɗin mota da abinci, yana lissafi. In abin da zai samu bai rufe abin da ya kashe ba, ba zai zo ba. Na biyu, riƙe su. Sakataren da ya cika takardar sakamako sau 2 ya fi sabon hannu kiyaye kuskure, kuskure a takardar nan kuwa yana iya sa kotu ta soke ƙuri'un rumfa gaba ɗaya. Na uku, kariya: wanda aka biya da kyau ya fi ƙarfin ƙin hannun ɗan takara.

5. Kammalawa

Ƙari shi kaɗai bai isa ba. Ya kamata a sanar da adadin tun kafin ɗaukar ma'aikata, a ware kuɗin tafiya dabam bisa nisan rumfa, a biya da zarar an miƙa sakamako, a kuma ɗan ƙara wa wanda ya taɓa yin aikin. Duk lokacin da za a sake tsara dokar zaɓe, muna fatan a rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikinta.