Kare da jariri a gida ɗaya

Gaya gari ne na bakin kogin Isa, cikin jihar Doso. Tsallaken kogi akwai Malanbil ta ƙasar Benin, gabas kuma akwai Kamba ta Najeriya. Ruwan sama ya fi sauka a wannan yanki bisa sauran ƙasar Nijar, shi ya sa ake noman shinkafa da rogo da rake. Manoma da makiyaya da mafarauta da yawa suna ajiye kare. Shi ke gadin gida da dare, shi ke raka maigida daji. Malamai ma sun yarda a ajiye shi don farauta, ko tsaron gona da bisashe.

To, ran da aka yi haihuwa a gidan, kare ya kan gamu da abin da bai sani ba.

Kare da hanci yake gane mutane. Ya san warin maigida da na uwargida, da na yara, har da na awaki. Jariri kuwa baƙo ne. Warinsa sabo, kukansa siriri, ga shi yana ta wutsil-wutsil da hannuwa da ƙafafu. Mutum ya duba, sai ya ga ɗan mutum. Kare bai san haka ba tukuna. Karen farauta da ya saba bin zomo da gafiya yana iya ɗaukar wannan kuka da motsi kamar na ƙaramin naman daji. A nan haɗarin yake.

Shiri yana farawa tun kafin haihuwa. In ciki ya kai wata 7, sai a hana kare shiga ɗakin mai cikin, a hana shi kwanciya a bakin ƙofarta. A kafa masa turke a inuwa, kusa da zaure, a riƙa ba shi abinci da ruwa a can. A sa mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, domin mai jego za ta yi kwana 40 tana wanka, ba ta da lokacin kare. A kai shi wurin likitan bisashe a yi masa allurar rigakafin hauka, a ba shi maganin tsutsar ciki. Karen da aka bari yana kwance ko'ina, sai ran haihuwa aka tashi aka kore shi da sanda, rikicewa zai yi.

Ran haihuwa, a rufe mabiyiya da zurfi, a aza dutse bisa wurin, don kada kare ya tono ta. Bayan kwana biyu ko uku, maigida ya ɗauki zanen da aka lulluɓe jariri da shi, ya kai wa kare ya sansana. Kada a bar masa zanen ya ja ko ya yi wasa da shi.

Ran suna fa? Ran nan an yanka rago, gida ya cika da baƙi, yara suna guje-guje, ga ƙasusuwa ko'ina. Karen da ke cin ƙashi ba ya son a matso kusa da shi. Ran suna ranar turke ce, tun safe har baƙi su watse.

Sai gida ya yi tsit ake haɗa su. A ba kare abinci ya ƙoshi. Babban mutum ya riƙe shi da igiya. Uwa ta zauna bisa kujera, jariri a cinyarta, da tazarar taki uku ko huɗu tsakaninsu. A bar kare ya sansana iska daga inda yake. In ya natsu, a yi masa magana da murya mai sanyi, a jefa masa ɗan tuwo. Minti kaɗan sun isa. Gobe a sake, jibi a sake, ana rage tazarar sannu sannu. Ba a miƙa masa fuskar jariri, ba a kuma barin ya lashe shi.

Mai riƙe da igiya ya dinga duban jikin karen. In ya sandare ya ƙura wa jariri ido, ko ya kwantar da kunnuwa, ko ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ko ya yi gurnani, sai a janye shi ba tare da duka ba. Gurnani gargaɗi ne. Karen da ake duka in ya yi gurnani ya kan daina gurnanin, ran da ya ji tsoro sai cizo kawai.

Ko sun saba, ba a barin kare da jariri su kaɗai. Uwa ta kan shimfiɗa jariri bisa tabarma a tsakar gida, ta ce bari ta ɗebo wuta maƙwabta ta dawo. Jariri ya yi tumbuɗi, kare ya ji warin nono, ya zo lasa. Jariri ya tsala kuka, kare ya firgita. Haƙori ɗaya ya isa ya yi ɓarna a kan da maɗigarsa ba ta rufe ba. Mutane da yawa su kan ce: "Ai karenmu ba ya cizo." Sabo turken wawa ne. Yaro ɗan shekara 5 kuma ba mai tsaro ba ne, shi kansa tsaronsa ake yi. In uwa za ta fita, ko na minti ɗaya ne, ta goya ɗanta ko ta ɗaure karen.

Lokacin rarrafe ya fi wuya. Yaro zai ja wutsiya, zai sa hannu cikin kaskon abincin kare, zai ci ƙasa. A cikin kashin kare akwai ƙwayayen tsutsa da ido ba ya gani. Sai a riƙa kwashe kashin kullum, a ajiye kaskon inda yaro ba ya kai.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar ciwon tana cikin miyau, tana shiga jiki ta cizo, ko yakushi, ko lasar rauni. Kare bai san iyakar ƙasa ba: na gida ya kan fita yawo ya yi faɗa da baƙon kare, ya dawo da ciwon ba wanda ya sani. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta ciwon yana kashe mutum wajen dubu 59 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai allurar da ke tare shi kafin ya bayyana. Louis Pasteur ne ya fara yin ta a Faransa, ran 6 ga Yuli 1885, ga wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, kuma yaron ya rayu.

In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabuni har minti 15. Kada a sa toka, ko ganye, ko gashin karen. A kai yaron gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne, a kuma cika alluran da aka rubuta duka. Shi kuwa karen, a ɗaure shi inda yara ba sa zuwa, a sanar da likitan bisashe, a sa masa ido har kwana 10.