Dubiyar Iyaye Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki, wato lalurar da ke aukuwa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, tana yawan kwantar da dattawa a asibiti, kuma hawan jini shi ne babban sanadinta. Idan mahaifi ya fara murmurewa, dubiyar 'ya'yansa takan zama wani ɓangare na jinyar, domin muryar da ya saba da ita, ko da "Sannu Baba, ya jiki?" ce kawai, tana ƙarfafa masa zuciya ya jure motsa gaɓoɓin da masu gashin ƙashi suke sa shi yi.

Sai dai ƙauna takan kai 'ya'ya ga kuskure, musamman wajen abinci. Lalurar tana raunana haɗiya, saboda haka kunu ko farfesun da aka ɗura wa majiyyaci yana kwance zai iya faɗawa huhu ya haifar da ciwo mai tsanani, kuma gishirin miyar gida yana tayar da jini. Abin da ya fi kwanon abinci amfani shi ne ɗa ya karɓi mai jinya, ya riƙa juya mahaifinsa duk bayan awa 2, don kada doguwar kwanciya ta huda masa gyambo a baya.