MAJE: INA ZA A AJIYE MOTOCIN, INA KUMA 'YAN KASUWA ZA SU DOSA?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Suleja zai nufi Minna, ko kuwa ya biyo hanyar Kaduna ya karya ta mararrabar Dikko zai shiga Suleja, to ba sai an kwatanta masa Maje ba. Tun daga nesa zai fara hango tankokin mai da tireloli sun yi jerin gwano a gefen hanya, wata bayan wata, a ƙarƙashinsu kuma ga yaran mota sun shimfiɗa tabarmi suna hutawa. Nan ne daffon mai na kamfanin NNPC yake, wanda ya shafe shekaru masu yawa ana bi ta kansa wajen raba man da ake sha a Abuja da kewayenta.

Waɗannan motoci su ne arzikin Maje, su ne kuma ciwon kanta. Mai shayi da mai tuwo, da mai faci da bakanike, da mai sayar da baƙin mai, da mai wankin mota, har da mai ɗakunan haya, kowannensu ya san cewa ranar da motoci suka cika gari ranar ciniki ce. Amma mai shagon da tirela ta yi kwana uku a ƙofarsa har masu saye ba sa ganin kayansa, da uwar da 'ya'yanta ke ratsawa tsakanin tayoyi za su makaranta, da direban ƙaramar mota da ya kashe awa guda a tafiyar minti goma, su kuma kukansu daban ne. Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu ne Majalisar Ƙaramar Hukumar Suleja take, kuma duk shawarar da ta yanke a kan ajiye motoci sai ta taɓa tukunyar wani.

YADDA CUNKOSON YA SAMO ASALI

Masu karatu za su tuna cewa Suleja ita ce Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya. Da Gwamnatin Tarayya ta tsai da shawara a 1976 za ta gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, sai garin ya sadaukar da sunansa, aka raɗa masa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja daga Ikko. Tun daga lokacin, duk wanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa a birnin, ko aka rushe masa gida ko rumfa, ko aka hana shi sana'ar acaɓa kamar yadda aka yi a 2006, sai ya tattara komatsansa ya yo Suleja da Madalla. Jama'a suka ninka, motoci suka ninka, amma titunan cikin gari suna nan kusan yadda aka san su.

Ga kuma zancen mai. An gina daffon Suleja ne da nufin mai ya riƙa zuwa ta bututu daga Kudu. Da fasa bututu ya yi yawa, matatun mai na gwamnati kuma suka daina aiki yadda ya kamata, sai kaya ya koma kan tanka. Motar da ta ɗauko lita 33,000 ko 45,000 daga Ikko ko Warri ba keke ba ce da za a jingine a jikin bango. Dole ta tsaya a wani wuri kafin a gama takardu, direba ya huta, a duba taya da birki. In ba a tanadi wurin ba, to gefen hanya ne wurin.

ABIN DA DOKA TA CE

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya gaji tsarin En'e, aka ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kasuwanni da tashoshin mota. Tsarin mulki na 1999 ya sake nanata wannan a jadawalinsa na huɗu: kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayi na jama'a da lura da su, da gyaran titunan cikin gari da magudanun ruwa, da sa ido a kan shaguna da rumfuna da gidajen abinci. Haka nan dokar soja mai lamba 21 ta 1998, da ta raba wa matakan gwamnati uku harajin da kowa zai karɓa, ta sa kuɗin tasha da tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a cikin rabon ƙaramar hukuma, ta kuma hana a datse hanya don karɓar haraji.

To amma fa akwai wani ƙulli. Babbar hanyar Suleja zuwa Minna, wadda aka shafe fiye da shekara goma ana faman mai da ita tagwaye, ta Gwamnatin Tarayya ce, haka ma ta Abuja zuwa Kaduna. Masu tsaron dokar hanya a kansu su ne 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Fili kuwa, bisa dokar filaye ta 1978, na cikin birni yana hannun gwamna. Direbobin tanka suna da reshensu a ƙungiyar NUPENG, masu motocin suna da NARTO, direbobin haya kuma suna da NURTW. Bugu da ƙari, da ka wuce Maje kaɗan ka isa Dikko ka shiga Ƙaramar Hukumar Gurara, ga kuma ta Tafa a maƙwabtaka. Saboda haka in Suleja ta kori mota daga ƙasarta, ba ta yi komai ba illa tura ta gaba da 'yan kilomitoci zuwa ƙofar maƙwabta, tare da cinikin da ke biye da ita.

RANAR DA BA ZA A MANTA BA

Ran Asabar 18 ga Janairu 2025, wata tanka ɗauke da lita 60,000 na fetur ta faɗi a mararrabar Dikko, dab da Maje. Mutane suka taru suna kwasar mai, ana kuma ƙoƙarin juye sauran a wata motar, sai wuta ta tashi. Rahotanni sun ce mutum 86 suka rasu, daga baya adadin ya doshi 100, ban da waɗanda suka ƙone aka kai asibiti. Allah ya jiƙan su, ya ba iyalansu haƙuri.

Gwamna Muhammad Umaru Bago ya ziyarci wurin a ranar, ya kuma ba da umurni cewa motocin da ke fitowa daga wajen Maje su daina hawa gadar Dikko ta hannun da ba nasu ba, su bi ta ƙarƙashi su je su juyo. Hukumar da ke lura da rarraba mai ta ƙasa kuma ta hana yi wa tankoki masu lita 60,000 lodi daga ran 1 ga Maris 2025. Gaskiya ne cewa motar da ta faɗi ba a ajiye take ba. Amma abin da ya faru ya nuna wa kowa irin hasarar da ke aukuwa in wuta ta haɗu da mai a inda rumfuna da jama'a da manyan motoci suke cakuɗe wuri guda. Mai suya yana hura gawayi, mai walda yana tartsatsi, taku kaɗan daga tankar da ke ɗigar mai: wannan kallo ne da ido ya saba da shi har ya daina tsorata.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Ba Suleja ce ta fara cin karo da wannan matsala ba, saboda haka akwai abin koyi a wurin waɗanda suka riga ta. A Abuja an taɓa ba wasu kamfanoni izinin karɓar kuɗi daga duk wanda ya ajiye mota a gefen titi, suna ɗaure tayar wanda bai biya ba ko su ja motar. Jama'a suka yi ta kuka, har wani kamfani ya kai ƙara. A watan Afrilu 2014 Babbar Kotun Abuja ta yanke hukunci cewa tsarin haramtacce ne, domin babu wata doka da ta tsaya masa. Wannan ya isa ishara ga kowace majalisa: kafin a buga rasit, a fara zartar da doka a rubuce, a kuma karanta wa jama'a ita.

A Ikko kuwa, masu karatunmu na Apapa sun fi kowa sanin yadda tireloli suka riƙa kwana a kan gadoji mako da makonni, har shaguna da ofisoshi da dama suka tashi daga unguwar. An kafa kwamiti bayan kwamiti, an turo sojoji da 'yan sanda, abin bai gyaru ba. Sai a watan Fabrairu 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta ɓullo da tsarin da ake kira Eto, wato mota ta jira a filin da aka amince da shi har sai an kira ta. Tsarin bai rasa nasa ƙorafe-ƙorafen ba, amma an ga sauƙi, kuma dalilin sauƙin shi ne an nuna wa direba inda zai tsaya kafin a ce masa kada ya tsaya a nan.

Ko a gida ma, ga Madalla. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna a ranar kasuwarta ya san yadda masu kasa kaya da motocin da ke sauke buhuna suka sha cinye rabin titi. Sau da yawa an kore su, bayan kwana biyu su dawo, domin a nan masu saye suke.

ABIN DA ƊAN KASUWA KE BUKATA

Kuskuren da hukumomi suka fi yi shi ne ɗaukar duk mota mai tsayawa a matsayin abu guda. Alhali iri uku ne. Akwai wanda ya tsaya minti goma zai sayi burodi ko magani ya wuce. Wannan shi ne ran ɗan tireda, kuma in aka tsorata shi da tara, gobe sai ya wuce ya saya a gaba. Akwai motar da ta kawo siminti ko shinkafa ko lemo, wadda ke bukatar awa ɗaya ko biyu a ƙofar shago. Ita lokaci kawai za a ƙayyade mata, kamar bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko bayan isha. Sannan akwai babbar motar da za ta yi kwanaki. Ita ce ba ta da abin yi a gefen titi, matuƙar akwai filin da za ta shiga.

Shi kuwa fili, ba share daji kawai ake yi a kafa allo ba. Direban da ke ɗauke da kayan miliyoyin naira ba zai shiga inda damina za ta kafe masa mota ba, ko inda ɓarayi za su kwance masa batir su zuƙe masa gas da dare. Yana son ƙasa mai tauri, da katanga, da fitila, da ruwa, da makewayi, da masallaci, da kayan kashe gobara. Abu mafi muhimmanci kuma, yana son ya tarar da mai abinci da mai faci a can. In aka kwashe motoci aka bar masu sana'a a baya, an kashe musu kasuwa, kuma direba zai fito neman abinci da motarsa. Don haka ya kamata a yi rajistar waɗanda ke sana'a a bakin hanya tun kafin a fara komai, su ne za a fara ba rumfuna a sabon wurin bisa haya mai sauƙi, a can gefe nesa da inda tankoki ke tsayawa. Kada a wayi gari a ga rumfunan sun faɗa hannun masu uwa a gindin murhu, su kuma su riƙa ba talakawa haya ninki biyu.

Sai zancen kuɗi. Babu mai hankalin da zai ce kada hukuma ta karɓi kuɗin shiga. Abin da ke ɓata wa direbobi da 'yan kasuwa rai a ko'ina cikin ƙasar nan shi ne yawan hannaye: wannan ya zo da tikiti, wancan ya zo da sanda, ba a san wanne ne na hukuma ba. A rubuta farashi ɓaro-ɓaro a allo da Hausa da Turanci, a ba da rasit mai lamba, a kuma bayyana abin da aka tara duk wata da abin da aka yi da shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk lokacin da wannan hukunci ya zauna da gindinsa, uzurin rashin kuɗi zai ragu, tambayar jama'a kuma za ta ƙaru.

A ƙarshe, aikin ya fi ƙarfin majalisa ɗaya. Ya kamata shugabannin Suleja da Gurara da Tafa su zauna a tabarma ɗaya da Gwamnatin Jihar Neja da hukumomin daffo da shugabannin direbobi, tare da wakilan 'yan kasuwa maza da mata, da masu unguwanni a ƙarƙashin fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, su fito da doka iri ɗaya daga Maje har Dikko. Kansilan da ke wakiltar wannan yanki shi ya fi cancanta ya fara kawo zancen a zauren majalisa, tun da shi zai dawo neman ƙuri'a a wurin mai shayin da mai shagon duka biyu. Mutanen Maje kuwa kada su zura ido sai ranar da motar rusau ta iso. Tun yanzu su haɗa kansu, su rubuta bukatunsu, su kai sakatariya. Ba a fafe gora ranar tafiya.