Abin da Ke Hana Akantoci da Ƙananan 'Yan Kasuwa Tsare Dukiya a Intanet

Tun daga shekarar 2012 da Babban Bankin Nijeriya ya soma tsarin rage hada-hada da tsabar kuɗi, har zuwa farkon 2023 da sauya fasalin naira ya haddasa ƙarancin takardun kuɗi, larura ta tilasta wa 'yan kasuwa irin na Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, waɗanda a da ba su amince da kome ba sai abin da suka ƙirga da hannunsu, su riƙa karɓar ciniki ta waya da na'urar POS, alhali kuwa ba wanda ya karantar da su yadda ake tsaron wannan sabuwar taska.

Galibi akan ɗora laifin a kan jahilci, amma a ganina babban musabbabin shi ne amanar da aka ajiye a inda ba muhallinta ba. Maigida yakan ba yaron shago lambar sirrin asusunsa don kada a riƙa damunsa, ya kuwa bar ta yadda take ko bayan yaron ya bar aiki. Akanta kuma yakan karɓi takardun haraji da lambobin BVN na masu hulɗa da shi ta WhatsApp, ya tara su a kwamfuta guda wadda manhajarta ta sata ce, ba ta samun gyaran da masu ita ke aikowa don toshe kafofin ɓarayi. Saboda haka ɗan damfara ba ya bukatar fasa banki: ya wadatar ya bugo waya cikin ladabi, ya ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba a karanto masa lambar da aka turo yanzun nan ba, ko kuwa ya zo da rana tsaka, kasuwa ta cika, ya nuna alat na bogi ya kwashi kaya.

Ƙarancin jari ma yana da nasa kaso, domin wanda man janareto ya cinye ribarsa yana kallon kuɗin tsaron kwamfuta a matsayin israfi.

Mafi munin illar tana kan akanta, tunda sirrin gidaje da yawa ke hannunsa, ranar da aka shiga kwamfutarsa kuwa duk an shige su. Sa'an nan kunya takan sa wanda aka cuta ya yi shiru don ya rufa wa kansa asiri, sai azzalumin ya maimaita dabararsa a kan maƙwabci. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta cutar da su, sai dai ƙalilan ne daga masu shaguna suka taɓa jin labarinsu. Wajibi ne ƙungiyoyin akantoci, ICAN da ANAN, su haɗa kai da shugabannin kasuwanni su karantar da wannan al'amari da Hausa, a cikin kasuwa da kuma gidajen rediyo.