Ina Ne Mazaunin Ikwalaiza a Jikin Rasiba?

Lafiyayyen kunnen matashi yana jin sauti tun daga girgiza 20 a sakan ɗaya har zuwa 20,000. Ikwalaiza na'ura ce mai rarraba wannan faɗi gida-gida, galibi gida 10, daga 31 zuwa 16,000, kowane gida da maɓallinsa da ake turawa sama ko ƙasa. Ba ta da ƙarfin kaɗa lasifika da kanta. Saboda haka mazauninta yana tsakanin tushen sauti da amfilifayar da ke cikin rasiba, wato akwatin da ke karɓar sauti daga rediyo ko bidiyo ya raba wa lasifikoki.

A tsofaffin rasibobi hanyar mai sauƙi ce, domin ana aron ƙofar da aka yi wa rikodar kaset. Sai a ja waya daga kafar da aka rubuta wa "Tape Out" zuwa mashigar ikwalaiza, a ja wata daga mafitarta zuwa "Tape In", jan kai a dama, fari a hagu. Idan aka danna "Tape Monitor", sautin zai fita, a gyara shi, ya komo. Lalle a kashe wuta kafin a taɓa wayoyin.

Amma da wuya a sami wannan ƙofa a rasibobin yau. Sautin Dolby Digital yana tafe ne cikin lambobi ta wayar HDMI, kuma tashoshinsa shida ne, alhali ikwalaizar gida biyu kawai take iya ɗauka. Mafita ita ce kafar "Pre Out", in akwai ta: daga nan zuwa ikwalaiza, daga ikwalaiza zuwa wata amfilifaya ta daban. Da yawa daga rasibobin ma suna da tasu ikwalaizar a ciki, kamar YPAO ta kamfanin Yamaha, mai auna ɗaki da makirfo.

Babban haɗarin kuwa yana hannun mai kayan. Ƙarin desibel 3 a gida ɗaya yana neman ninkin ƙarfi daga amfilifaya; desibel 12, iyakar yawancin maɓallan, yana neman kusan ninki 16. Idan amfilifaya ta gaza sai ta riƙa datse kawunan igiyoyin sauti, muryar ta yi kaushi, ƙaramar lasifika mai fidda siririn sauti ta ɗau zafi har ta ƙone. Shi ya sa gwanaye suka fi son rage gidan da ya yi yawa a kan ɗaga sauran.