Bayan An Busa Usur Ɗin Tashi: Sana'ar Koci a Samaru da Shika

Da zarar alƙalin wasa ya busa usur ɗin tashi, 'yan kallo sun gama nasu. Waɗanda ƙungiyarsu ta ci su watse suna shewa, waɗanda aka doke su tafi suna ɗora laifi kan lasman ko gola. Koci kuwa a lokacin ne yake shiga wani sabon aiki. Zai ƙirga ƙwallaye ya tabbatar babu wadda ta bi 'yan kallo, ya sa a tattara jesi a buhu, ya durƙusa ya matsa idon sawun yaron da aka taka, ya sallami direban bas. Duk wannan ƙaramin aiki ne. Babban yana cikin ɗan littafin rubutun da ya naɗe ya cusa a aljihu, wanda ya yi ta zane a ciki tun minti na farko. Daga nan zai fitar da amsar tambayar da yawan ƙwallayen da aka ci ba ya amsawa: yaya yaran nan suka yi wasa?

Yankin da ya taso daga Sabon Gari, ya bi ta Kwangila da Palladan da Samaru har ya dangana da Shika, yanki ne na makarantu. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana Palladan, asibitin koyarwa na jami'ar da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI suna Shika. Inda matasa suka taru haka ba a rasa tamaula. Jami'ar na cikin biyar ɗin da suka fara wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, a Ibadan cikin 1966, kuma bayan an ƙirƙiro gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL a 2018 ƙungiyarta ta shiga da sunan ABU Nobles. A ƙasa da wannan akwai wasannin da ake bugawa tsakanin tsangayoyi da sassa. A bayan katangar jami'ar kuma akwai ƙungiyoyin Hayin Dogo da Bomo da Basawa da Zango da Shika, waɗanda ɗalibai ke yi wa wasa, su ma suke kai wa ɗalibai ziyarar wasan sada zumunci.

Saboda haka koci iri biyu ne a nan. Akwai na makaranta, ma'aikacin ofishin wasanni mai albashi, wataƙila ya karanta ilimin motsa jiki ko ya yi kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Akwai kuma na unguwa, sau da yawa tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta zaunar da shi, yana da shago ko babur ko aikin koyarwa da yake ci da iyali. Aljihunsu ya bambanta, amma aikin ido da hannu iri ɗaya ne.

Kayan da koci ke sarrafawa mutane ne, kuma ɗanyu suke zuwa masa. A farkon zango sababbin ɗalibai kan cika fili ranar gwaji, kowa na cewa shi lamba goma ne ko lamba tara a garinsu. Da wuya ka ji wanda ya ce shi ɗan baya ne. Kocin kirki ba yanka yake fara dubawa ba. Yana kallon yadda yaro ke tarar ƙwallo idan ta zo masa da ƙarfi, ko yana waiwayawa kafin ta iso, ko ƙafarsa ta hagu tana aiki ko tsayuwa kawai yake yi da ita. Yana kuma kallon abin da yaron ke yi a daƙiƙun da suka biyo bayan an ƙwace masa ƙwallo: ya bi ta, ko ya tsaya ya riƙe ƙugu. Wanda ya tsallake sai a shiga gyara shi da atisayen asuba kafin lacca, ko na bayan la'asar har zuwa kiran magariba.

Kuɗin da ake kashewa ba ya ƙarewa. Ƙwallo mai lamba 5 ba ta daɗewa a busasshen fili lokacin hunturu. Tsakuwa ta cinye fatarta, ƙaya ta huda ta, a kai wa mai gyaran takalmi ya farke ɗinki ya liƙe robar ciki ya mayar. But sabo ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai, sai na gwanjo daga kasuwar Sabon Gari, wani lokaci mutum biyu ke karɓa-karɓa da ƙafa ɗaya. Ga jesi da safa, ga jakar ruwan leda mai guda 20 wadda ba ta isa ko hutun rabin lokaci, ga gulukos da man zafi da bandeji, ga kuɗin alƙalin wasa da na rajistar gasa. Mota ce ta fi cin kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗaukar bas zuwa Kaduna ko Funtuwa ko Kano don wasa ɗaya ya zama abin da ƙananan ƙungiyoyi ke yin shawara a kai kafin su amsa gayyata. Kocin makaranta takarda yake rubutawa ya jira a sa hannu. Na unguwa karo-karo yake haɗawa, abin da ya rage ya cika daga aljihunsa.

Ranar wasa, yayin da magoya baya ke bin ƙwallo da ido, shi koci rabin hankalinsa yana inda ƙwallon ba ta. Yakan raba shafi gida uku, baya da tsakiya da gaba, duk inda aka ƙwace wa yaransa ƙwallo ya ɗiga alama a wurin tare da lambar wanda ya zubar. A gefe yana ƙirga bugun kwana da bugun tazara da harin da ya nufi raga. Idan an zura masa ƙwallo sai ya rubuta mintin. In yana da mataimaki ko wani ɗan benci mai natsuwa, sai a ba shi waya ya hau wuri mai tudu, ko rufin bas ɗin da ta kawo su, ya ɗauki wasan daga sama. Hoton yakan yi rawa, batir yakan mutu ana tsakiyar zagaye na biyu, amma ko rabi aka samu ya fi babu.

Kociyoyin da suka daɗe a sana'ar ba sa yin dogon jawabi a bakin fili. Yaro ya gaji, jininsa na tafasa, abokansa na tsaye suna sauraro. Duk abin da aka faɗa masa a lokacin zagi zai ji. "Kun yi ƙoƙari, kowa ya je ya huta, gobe ma yi magana." Iyakar abin ke nan. Da dare ne koci zai zauna shi kaɗai ya bi alamominsa ɗaya bayan ɗaya, kamar manomin da ke zagaya gona bayan ruwan dare yana duba inda kunya ta karye.

A nan gwanintar take, kuma ita ce ba a gani. Ƙungiya na iya yin nasara da ci biyu da nema alhali ta yi mummunan wasa, golanta ne ya yi ta tsamo ta. Tana kuma iya shan kashi ɗaya mai ban haushi alhali ta yi wasan da ya fi na kowace rana. Idan alamomi suka taru a gefen hagu na tsakiya, tambaya ita ce ko ɗan wasan wurin ne ya gaza, ko kuwa an bar shi shi kaɗai tsakanin mutum biyu saboda na gabansa ba ya dawowa. Idan ƙwallayen da ake zura wa ƙungiya suna yawan zuwa bayan minti 70, to maganar ba ta dabara ba ce, ta numfashi ce, kuma numfashin ɗalibi yana da alaƙa da abin da ya ci. Wanda ya wuni a ɗakin lacca da garin kwaki a cikinsa ba zai yi gudun minti 90 ba, komai tsawar da aka yi masa. Ƙwallon da ta shiga daga bugun kwana kusan kullum akan jingina ta ga gola, amma idan aka mayar da hoton baya sai a ga wani ɗan baya ne ya saki mutuminsa yana kallon sama. Shi ma wannan ɗan bayan, in aka ƙara komawa baya, wani fasin ganganci da aka yi a tsakiya ne ya jawo kwanar tun farko. Koci yana bin ƙwallo da baya da baya har ya kai inda ɓarnar ta soma.

Sai ya sa yanayi a lissafi. Cikin Disamba da Janairu ƙasar Zariya ta bushe ƙamas, ƙwallo na tsalle fiye da ƙima, iska na karkatar da doguwar ƙwallo, ƙura na shaƙe ƙirji. Cikin Agusta kuwa ƙwallo na maƙalewa a taɓo, gajeren fasin ya zama haɗari. Wasan da aka buga da azumi a baki ba a auna shi da mudun wanda aka buga bayan Salla. Haka nan wasan makon jarrabawa. Kuma dole koci ya sa kansa a ma'auni: tun 2022 doka ta tabbatar da canji biyar, to me ya sa ya bar lamba shida a fili har ƙarshe alhali tun da aka dawo hutu ƙafarsa ta mutu? A ganina da wannan ake gane kocin da ya san aikinsa. Wanda kullum laifin na yara ne ko na alƙalin wasa, ƙungiyarsa ba ta gyaruwa, don rabin kurakuran ba a taɓa duba su ba.

Washegari ake zama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙarƙashin dalbejiya a gefen fili, yara na zaune a ƙasa sun miƙe ƙafafu, koci zai tsinto duwatsu goma sha ɗaya ya jera a kan rairayi, ya ɗauki tsinke ya ja layi. Ya matsar da dutse ɗaya gaba, ya bar ramin da ya buɗe a bayansa kowa ya gani. "Kai da ka tafi, wa ka bar wa nan?" Yaro ya sunkuyar da kai: "Koci, na ɗauka kyaftin zai rufe." A juya ga kyaftin, shi ma ya faɗi inda yake a lokacin. Sai a miƙa waya ta zaga hannu zuwa hannu, kawuna biyar a kan ɗan allo ɗaya, gani ya kori ji. Kocin da ya iya ba ya zube kurakurai ashirin a zama ɗaya. Yakan zaɓi biyu ko uku, ya fara da abin da aka yi daidai, kuma waɗannan biyu ko ukun su ne atisayen makon gaba ɗaya. Abin da ya shafi mutum ɗaya, musamman mai saurin karaya, a gefe ake faɗa masa a hanyar komawa.

Wahalar da ta keɓanta da ƙungiyar makaranta ita ce ba ta zama. Yaron da aka sha wuya aka gyara a shekara ta farko da ta biyu, yana fara nuna kansa sai ga furojet da jarrabawar ƙarshe, daga nan sai bautar ƙasa. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya tarwatsa ɗalibai zuwa garuruwansu. Wanda ya dawo ya dawo da nauyin jiki, wani kuma ya kama sana'a ya bar ƙwallo. Ga rauni. Karaya ko tsinkewar jijiyar gwiwa na nufin tafiya Shika da kuɗin hoto da na magani, kuma koci ne farkon wanda iyaye ke nema da tambaya.

To ina ribar? Kocin makaranta yana da albashinsa da ɗan alawus idan an fita gasa, sai lambar yabo in Allah ya ba da sa'a. Na unguwa abin da yake samu bai taka kara ya karya ba: kason kuɗin kofi idan an ci gasar da wani mai hali ko ɗan siyasa ya sa, ihsanin magoya baya, ɗan abin da wasu iyaye ke bayarwa. Kasuwar gaske ita ce ɗan wasa ya wuce gaba, daga unguwa ko makaranta zuwa rukunin NLO, zuwa NNL, zuwa gasar ƙwararru ta NPFL, ko waje. Kowa a yankin nan ya san hanyar tana ɓullewa: Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya tafi Beljiyam, Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya wuce Holan. Amma masu kaiwa can 'yan ƙalilan ne, kuma wani ɓangare na aikin koci shi ne ya kira ɗalibin da ya ga iyakarsa ya ce masa, "Ɗana, ka riƙe karatunka da kyau, ƙwallon ka yi ta don lafiyar jiki." Maganar ba ta da daɗin faɗa. Wanda ya shekara yana rubuta wasan yaro shi ya fi kowa cancantar ya faɗe ta, don yana da hujja a hannu.

Ga wanda ya wuce ɗin ma, ba kullum kuɗi ke dawowa ga wanda ya raine shi ba. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa sai da wasu 'yan sharuɗɗa, amma duk da haka ana samun masu kiran kansu ejan da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan gwaji a Turai su ɓace. Dokar ta kuma tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma tun 2022 akwai ofishi a Faris da ke bin sawun irin wannan biya. Sai dai takarda kuɗin ke bi. Idan ƙungiya ba ta da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, ko ba a shigar da sunan yaro a ƙarƙashinta ba, to a idon doka ba ta taɓa horar da shi ba, ko da koci ya yi shekara shida yana saya masa but. Yawancin kociyoyin unguwannin nan sun fi gwanancewa a fili a kan cike fom, kuma zan so a ce hukumar ƙwallo ta jiha da sashen wasanni na jami'a su riƙa tara su lokaci-lokaci a Samaru, a nuna musu yadda ake rajistar yaro tun yana ɗan shekara 12.