Kanula a Ɗakin Hoto

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya hoton CT ya san wannan zaman jira. Na'ura a kunne, mara lafiya a kwance, amma an tsaya cak sai an nemo likita ko nas da zai saka masa kanula a hannu.

Dalilin kanular shi ne ruwan da ke haska hoto. Na CT aidin ke cikinsa, na MRI kuwa gadoliniyam. Idan hoton hanyoyin jini ake so, inji ne ke tura ruwan da ƙarfi, har mililita 4 ko 5 cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa aka fi son kanula mai faɗi, ruwan hoda mai lamba 20 ko koriya mai lamba 18, a lanƙwasar gwiwar hannu inda jijiya ta fi kauri. Siririyar jijiyar bayan hannu ba kasafai take jure wannan matsin ba.

A Ingila an daɗe da miƙa aikin saka kanula ga ma'aikatan ɗaukar hoto. Ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1920, tana tantance kwasa-kwasan horon. Ɗalibi yakan fara da hannun roba, sannan ya koma kan mutane a gaban ƙwararre, ana rubuta kowane gwaji, kafin a sakar masa hannu.

A ganina huda jijiya shi ne mafi sauƙin abin da ake koyarwa. Nauyin yana kan tambayoyin da ake yi tun ba a taɓa fata ba. Ruwan ya taɓa ba ka matsala? Kana da asma? Yaya lafiyar ƙoda? Kana shan metformin saboda ciwon suga? Sannan ga abin da kan biyo baya. Kanula na iya gocewa, ruwan ya kwarara ƙarƙashin fata, hannu ya kumbura yana zogi. Dole a tsayar da inji nan take. Wani kuma, ko da yake ba a cika samu ba, jikinsa kan ƙi ruwan baki ɗaya: fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. A wannan lokacin mai ɗaukar hoto ne a kusa, shi zai fara ganewa ya kira taimako, kuma ya san inda allurar adrenalin take.

Nijeriya tana da hukumar rajistar waɗannan ma'aikata tun 1987, kuma Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye su. Ina fata duk asibitin da zai danƙa musu kanula ya ba su horon gaba ɗayansa, har da ƙa'idar barin kanular a hannu na ɗan lokaci bayan hoto, domin mummunar matsala ta fi zuwa a mintunan farko.